Gida Na Huɗu

Talata, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Nazir ya dawo.

Na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, da rana, kaina na sarawa saboda hayaniyar yara sittin da uku ƴan ajin farko, na tarar da wani mutum zaune a dakalin ƙofar gida da yarinya a gefensa. Na yi sallama zan wuce, a zatona mai neman taimako ne. Sai ya ce, “Yaya Ramlatu.” Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai ban sa shi a ido ba, kuma sai da ya yi magana na gane shi. Wuyansa ya yi tsawo. Cikin zafin nan riga mai dogon hannu ce a jikinsa.

Yarinyar ƴarsa ce, Ilham, shekararta biyar. Ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Tana rungume da baƙar leda, kayanta ke nan duka. Ya ce uwarta Nafisa ta yi wani auren tun bara waccan, kakar da ke riƙonta a Agadas ta rasu da azumi, tun daga nan tana gidan maƙwabta.

“Kwana biyu kawai, Yaya. Ki riƙe mini ita kafin in samu wuri.”

Na ce su shigo su sha ruwa tukuna. Na dama fura. Ita ta shanye, shi ya kurɓa sau biyu ya ajiye.

Wannan kayen, littafin da nake rubutu a ciki, ragowar na bara ne, na kiran sunayen ɗalibai. Na ɗauko shi ne don ina jin akwai abin da ba zan iya gaya wa kowa ba a gidan nan.

Laraba, 10 ga Mayu, da hantsi

Na aika wa daraktan lakwal cewa ba zan samu zuwa ba.

Nazir ya tashi yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci da idanu suna ta zuba. Rana tana dukan kwano kamar za ta narka shi, shi kuwa bargo yake nema. Maigidana Alkasum, Baban Aliya, ya leƙa shi kafin ya tafi rumfarsa ta dukanci a Birni. Ya ce, “Masassara ce?” Na ce haka nake gani. Ya ɗan jima yana dubana, sannan ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita.

Laraba, bayan azahar

Na kira Fanta, ƙawata tun muna ƴan kwaleji, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta duba idonsa, ta naɗe hannun rigar, ta mayar ta sauke. Ba ta ce masa komai ba sai, “Sannu, ƙanena.” A madafa ta gaya mini sunan abin da Faransanci. Ba zan rubuta shi ba.

Ta ce kwana ukun farko su ne masu wuya. Ruwan gishiri da sukari, kunu mai ruwa-ruwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa yanzu. Ta ce aikin ya fi ƙarfin gida, akwai wurin da ake kula da irinsu a Yamai, amma sai in shi ya yarda.

Na tambaye shi ko yana so ya daina. Ya ce shi ya sa ya taho, don can arewa duk inda ya juya akwai mai miƙo masa.

Alhamis, 11 ga Mayu, da safe

Ciki na murɗa masa, ƙafafu na shure-shure, zufa da sanyi lokaci guda.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ya fara yunƙurin amai, kafin in miƙe Ilham ta riga ta kawo bokiti ta ajiye a gabansa, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Ba wanda ya ce mata. Fuskarta ko gezau. Yarinyar nan ta fi ni sanin wannan ciwon.

Juma'a, 12 ga Mayu, da rana

Ita ta ci. Shi bai ci ba.

Asabar, 13 ga Mayu, da yamma

Ya roƙi a buɗe masa ƙofa ya je ya dawo, minti goma kawai. Na ƙi. Ya faɗa mini maganganu. Fanta ta ce kada in sa a rai, ba shi ne ke magana ba, ciwon ne.

To, na ji. Amma wasu daga cikin maganganun nasa ne. Na sani.

Ita ta ci. Shi ya sha ruwa.

Litinin, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na koma aiki, Baban Aliya ya zauna da shi har azahar. Yanzu ya san abin da ke faruwa, ban gaya masa ba, bai kuma tambaye ni ba. Nazir ya sha rabin kofin kunu ya zauna masa. Alhamdu lillahi.

Yau Ilham nake so in rubuta. Kullum da safe tana naɗe tabarmarta ta jingine, ta mayar da ɗan zanenta cikin ledar, ta ƙulle baki. Na ba ta wuri a akwatin ƴata Aliya, ta ce to, amma kayan suna cikin leda. Ba ta shan ruwa sai ta tambaya. Ɗazu na ji wari, na kwance ledar, na tarar da ƙosai uku na shekaranjiya naɗe a takarda. Na zubar, na sa sababbi uku, na ƙulle kamar yadda ta ƙulle.

Maƙwabta suna ta yaba ta, wai yarinya mai hankali, ba ta da ƙiwa, ba ta kuka. Shekarata ashirin da biyar ina koyar da ƙananan yara. Mai ƙiriniya ba ya ba ni tsoro. Irin wannan hankalin ne ke ba ni tsoro, na yaron da ya gane cewa in ya dame mutane za a kai shi wani gidan.

Na taɓa sanin wani yaro mai irin wannan hankalin.

Laraba, 17 ga Mayu, da yamma

Rana mai daɗi. Nazir ya ci tuwo da miyar kuka, ya nemi ƙari. Ya kwance fankar ɗakina da ta yi wata biyu ba ta juyi, ya gyara ta da ƴar wuƙa da guntun waya. Da ta tashi ya riƙe Ilham a gabanta ya ce ta yi magana ta ji muryarta na rawa. Ta ce “Abbaaa,” ta ji, ta ƙyalƙyale da dariya, sai ta yi sauri ta rufe baki ta dube ni. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da tsince shinkafa.

Na lura Baban Aliya ya ɗauke gwangwanin kol da yake manna takalma da shi, irin wanda yara ke shaƙa, ya kai rumfa.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Baban Aliya ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin gado bai cire hula ba.

“Ramlatu, ba korarsu nake ba. Amma har yaushe?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce Aliya tana da jarrabawar brebe ta gama kwaleji wata mai zuwa, ba ta samun karatu. Ya ce an fara tambayarsa a unguwa wane baƙo ne ke ihu a gidansa. Ya ce shi uba ne, dole ya yi tunanin abin da ƴarsa ke gani. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kasa ba shi amsa. Mutumin kirki ne. Da ya yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 21 ga Mayu, da dare

Gwaggo Delu ta zo daga Hamdara, ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage mana a manya. Ta kawo gyaɗa da busasshiyar kuɓewa. Labari ya kai mata.

Ta zauna a tsakar gida ta kira Ilham, ta shafa kanta, ta ba ta dabino. Da yarinyar ta shiga ɗaki ta ce, “Ku ba ni ita. Gida cike yake da jikoki, za ta shige cikinsu. Ke kina da aikinki, mijinki yana da haƙƙinsa. In damina ta wuce, in ban iya ba, ga ɗiyata a Mirriya.”

Na ce, “Gwaggo, wannan ne gidanta na huɗu.”

Ta ce, “To, mene ne? Yaro na kowa ne. Shi ubanta ba haka aka yi da shi ba? Da uwarku ta rasu aka kai shi Guna, aka kai shi Mirriya, mutuwa ya yi? Abin da ya same shi halinsa ne, ba riƙo ba ne.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta ga ana yi, haka aka yi mata ita ma. Amma Nazir yana kwance a zaure, tsakaninmu labule ne kawai. Na ga ƙafarsa ta daina motsi.

Baban Aliya ya ce a ba mu mako biyu mu yi shawara.

Da daddare Nazir bai ci ba. Ita ta ci.

Litinin, 22 ga Mayu, da rana

Shiru yake. Na ce yaya jiki, ya ce lafiya lau. Na ce kada ya damu da maganar Gwaggo, ya ce wace magana.

Talata, 23 ga Mayu, da rana

Na je aiki na dawo. Zaure ba kowa. Ya ninke bargon.

Talata, bayan magariba

Baban Aliya ya zaga tasha da kasuwar Dole da Zango. Ba wanda ya gan shi.

Ilham ba ta tambaya ba. Ta ɗauko ledarta ta ajiye kusa da ƙofa.

Laraba, 24 ga Mayu, da rana

Shiru.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan la'asar

An gan shi. Yana da rai.

Juma'a, 26 ga Mayu, da safe

Jiya ban iya yin rubutu ba. Ga yadda aka yi.

Wani mai kabu-kabu ne ya gaya wa Baban Aliya ya duba wani kango bayan tasha. Da azahar ya same shi a can jingine da bango, leɓɓansa sun yi baƙi, numfashi sai an kasa kunne. Ya goya shi a baya har bakin titi. Mutum mai shekara hamsin da biyu da ciwon gwiwa. Da na iske su a likita, wato asibiti, rigar Baban Aliya ta jiƙe sharkaf, yana zaune a ƙasa, ya ce da ni, “Ba shi da nauyi, Ramlatu. Kamar na goya Aliya.”

Fanta ta ce abin da ta fi tsoro ke nan. In jiki ya yi kwanaki babu abin, ya manta, sai mutum ya koma ya sha gwargwadon yadda ya saba, ya fi ƙarfinsa. Ta ce da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake.

Na gaya wa Ilham Abbanta ba shi da lafiya, yana likita, zai warke in Allah ya so. Ta ce, “Ya ɗauki bokiti?” Na ce akwai a can.

Lahadi, 28 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta wannan duka, ko da zai cinye kayen.

Na kai masa kunu. Ya farfaɗo sosai, sai dai ba ya haɗa ido da ni. Na zauna ina fifita masa. Can ya ce, “Yaya, kin tuna dutsen nan na bakin hanya a Guna?”

Na tuna. Shekarata goma sha tara lokacin da Inna ta rasu, Baba ya riga ta da shekara biyu. Nazir yana da shida. A watan ne aka ba ni aikin koyarwa a wani ƙauye gaba da Gure, ɗaki ɗaya nake rabawa da wata malama. Dangi suka ce a kai shi wurin Kawu Yakuba a Guna. Ni na kai shi da hannuna. Ya riƙe mini zane ya ƙi saki, na ce masa ya saki, ranar Juma'a zan dawo in ɗauke shi. Na faɗa ne don ya saki. Sai bayan shekara ɗaya da wata bakwai na koma.

Ya ce duk Juma'a yana hawa dutsen ya zauna har rana ta faɗi. In ya koma gida Kawu ya zane shi don ya bar awaki. Wata Juma'ar ya sake hawa.

“Da kika zo, kin tuna abin da kika ce? Kika ce, kai, Nazir ya yi hankali.”

Na tuna wannan ma. Ya gaishe ni a durƙushe kamar baƙuwa, bai riƙe mini zane ba, na koma ina murna wai ya saba.

Ya ba ni sauran labarin, wanda na sani rabi-rabi na kuma ƙi tambaya. Yana da tara aka cire shi daga lakwal aka kai shi Mirriya wurin mai faci. A can yake kwana cikin tayoyi. Yana da goma sha ɗaya manyan yaran wurin suka ba shi sholisho a tsumma ya shaƙa. Ya ce, “Ba daɗi nake nema ba, Yaya. Kaina ne ba ya yin shiru, in na shaƙa sai ya yi shiru.” Daga nan taba, daga nan tramol da ya koma tasha yana lodi. Ba wanda ya taɓa shinshina bakinsa, ba wanda ya taɓa tambayarsa ina ka kwana. Da ya tafi haƙar zinariya a arewa rami ya rufta masa a ƙugu, ba likita kusa, wani ya ƙona masa gari a kan takardar gwangwani ya ce ya ja hayaƙin.

“Ciwon ya tafi. Amma ba shi ne ya kama ni ba. Ji na yi kamar Inna ta rufa mini zane.”

Eroyin, sunan da Fanta ta gaya mini a madafa. Ga shi na rubuta.

Na ce, “Ka yafe mini.” Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da kalmomin nan, da suka fito ba su da wani girma.

Ya ce, “Ke ma yarinya ce lokacin.” Ya juya fuska bango. Can ya ce, “Na ji abin da Gwaggo ta ce. Na kawo ta wurinki ne don kada a yi mata yadda aka yi mini, sai na ji za a yi. Na ce to, me ya rage.”

Na ce ba za a yi ba. Na faɗa ban shawarci kowa ba, kuma a wannan karon ba don ya saki zane na faɗa ba.

Talata, 30 ga Mayu, da rana

Na raka Fanta ta ci abinci a ƙarƙashin itacen bedi da ke likita. Na tambaye ta abin da ke cin raina, ko abin a jini yake, ko Ilham ma yana jiranta.

Ta ce ita ba ta san gaibu ba, amma ta san abin da take gani. Yawancin waɗanda ake kawo musu, in ka bi labarinsu sai ka tarar tun suna ƙanana aka fara: an rasa uwa ko uba, an yi ta yawo da yaro gida-gida, duka ba dalili, barin karatu, sannan wani ya miƙa masa wani abu tun bai kai sha biyar ba. Ta ce wanda ya fara da wuri shi ya fi wuyar fita.

Na ce to ai duk marayu ba haka suke ƙarewa ba.

Ta ce, “Ni ma marainiya ce, kin manta? Amma ina da kakata. Ba ta da komai, ko karatu ba ta yi ba. Sai dai kullum in na dawo tana nan, kuma sai ta tambaye ni wa na gani, me aka ce mini. Mutum ɗaya ya isa, Ramlatu, in dai ba ya gusawa.”

Na dawo gida na tarar Ilham tana share tsakar gidan da Aliya ta riga ta share. Na karɓi tsintsiyar na ce ta zo ta gaya mini me ta yi yau. Ta ce ba komai. Na ce to wa ta gani. Ta yi tunani ta ce ƙadangare. Muka yi hirar ƙadangare.

Juma'a, 2 ga Yuni, bayan la'asar

An sallamo Nazir. Ya ce zai je Yamai. Da bakinsa ya faɗa, gaban Fanta.

Na shirya maganar zaman Ilham da zan yi wa Baban Aliya tun jiya, har da abin da zan ce in ya ƙi. Na fara ke nan ya ɗaga hannu. Ya jawo wani abu daga aljihu, takalmi ne ɗan ƙarami na jar fata, irin mai hanci. Ya ce ya auna ƙafar Ilham da zare tana barci da rana.

“Na yi shi da ɗan girma,” in ji shi, “don ya kai ta baɗi.”

Na shiga madafa na daɗe ina hura wutar da ta riga ta kama.

Lahadi, 4 ga Yuni, da yamma

Mun je Hamdara ni da Baban Aliya, da goro da sabulu. Ban so Gwaggo ta ji a bakin wani ba. Na durƙusa na gode mata, na ce mun yanke shawarar Ilham za ta zauna wurinmu, za ta shiga lakwal ɗin da nake in an koma.

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Ta ce, “Wato ni ban iya riƙo ba.”

Baban Aliya ya ce, “Kin iya, Gwaggo, mu ma a wurinki za mu koya. Yarinyar ce ta gaji da tafiya.”

Gwaggo ta ajiye gyaɗar. Sannan ta ce ita gida biyar ta zauna kafin a yi mata aure, kuma har yau in ta yi mafarkin gida ba ta san wanne ba ne. Ta share ido da bakin mayafi ta ce hayaƙi ne. Da za mu tafi ta cika mini ƙwarya da gyaɗar iri, ta ce mu riƙa kawo mata yarinyar da salla, mu kuma koma da ita a ranar.

Talata, 6 ga Yuni, da rana

Motar Nazir ta jibi ce da safe. Ya ce zai fita tun Ilham ba ta tashi ba, don kada ta yi kuka. Na ce a'a. Ya ce ba zai iya kallonta ba. Na ce ni na san abin da ake ji in an guje wa kukan yaro, na kuma ga abin da yake haifarwa. Zai gaya mata gaskiya, kuma ba zai sa ranar da bai tabbata ba.

Shi ya ci kaɗan. Ita ta ci.

Alhamis, 8 ga Yuni, da hantsi

Ya durƙusa a gabanta a tsakar gida, jakarsa a kafaɗa.

“Ilham, zan tafi Yamai neman magani. Ciwon nan nawa ba ya warkewa a gida.”

Ta ce, “To.”

“Zan daɗe. Ban san ranar dawowa ba, in na sani zan gaya miki. Ba laifinki ba ne, kin ji? Ba abin da kika yi. Ke kina nan wurin Gwaggo Ramlatu, ba inda za a kai ki.”

Ta ce to, ta dubi ƙasa. Ya miƙe. Ya kai zaure ke nan ta ruga ta cafke ƙafar wandonsa, ta fasa wani irin kuka da ban taɓa jin ya fito daga ƙaramin ƙirji haka ba. Wata guda a gidan nan, yau na fara jin kukanta. Nazir ya dube ni, na girgiza masa kai kada ya fizge. Ya zauna a ƙasa ya rungume ta, suka yi ta yi su biyu. Baban Aliya ya duba agogo ya fita ya ce wa mai kabu-kabu ya jira.

Da ta gaji ita ta sake shi da kanta. Na ɗauke ta muka tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Asabar, 10 ga Yuni, da safe

Ya isa. Sun karɓe shi. Sun ce makonnin farko ba waya.

Ilham ta yi fitsarin kwance. Ta tashi tana ƙoƙarin ɓoye tabarmar. Na ce tabarma ce, ana wankewa. Muka wanke tare.

Laraba, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Ta ciji Aliya a hannu saboda ta taɓa mata takalmi. Ta ƙi cin tuwo ta ce ba ta son miyar. Na yi mata faɗa a kan cizon, na sa ta ba da haƙuri, ta yi fushi ta juya mana baya har la'asar. Aliya ta ce, “Mama, yarinyar nan ta lalace.” Na ce ta je ta yi karatunta.

Ban san abin da Nazir zai zama ba. Fanta ta ce wasu sai sun faɗi sau uku sau huɗu kafin su tsaya, wasu ba sa tsayawa. Ina yi masa addu'a a kowace sujada, iyakar abin da ke hannuna ke nan a kansa. Na makara da shekara ashirin da biyar. A kanta ban makara ba.

Lahadi, 18 ga Yuni, da hantsi

Ruwan farko ya sauka jiya da la'asar, mai yawa, har kwatar gida ta cika. Gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa har cikin ɗaka. Baban Aliya ya yi sammako zuwa gonarsa ta hanyar Mirriya da ƙwaryar irin da Gwaggo ta ba mu. Kafin ya fita ya ɗebi cikin hannu ya zuba wa Ilham a ɗankwali, ya ce ta shuka a bayan madafa.

Na sara mata ramuka da ƴar fartanya. Ta sa ƙwaya biyu a na farko ta rufe da ƙafa yadda na nuna mata. A na biyu ta tsaya.

“Gwaggo, yaushe za ta yi ƴaƴa?”

Na ce sai bayan wata uku, in an koma lakwal.

“Wata uku da yawa ne?”

Na ce da ɗan yawa. Sai babbar salla ta wuce, ruwa ya yi ta zuwa, gero ya fi Baban Aliya tsawo.

Ta dubi gyaɗar da ke hannunta ta dubi ramin. “Wa zai ci?”

“Wanda ya shuka.”

“Ina nan?”

Na ce, “Kina nan.”

Ta tsaya tana kallon fuskata, na bar ta ta kalla iya son ranta. Sannan ta sunkuya ta ci gaba, rami bayan rami, har ta kai bango. Irin ya rage mata kaɗan a ɗankwali, ta ce in ƙara sara mata wasu.